Yatsa Ma Yana da Harshen Uwa: Ra'ayi Kan Sauya Madannan Wasan Bidiyo

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla za su tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wasan bidiyo har zai ɓata tawada a kansa? Amsa ita ce, duk inda aka sami alama da ma'ana, to ɗalibin harshe yana da ta cewa. Ban da haka, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikinmu, idan an tashi daga lacca ko an gama jarrabawa, gidan gem ne wurin shan iska. A can kuwa akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: shin ya dace mutum ya sauya aikin madannai domin su dace da abin da ya saba a wata na'urar, ko kuwa dole ya haƙura da tsarin da kamfani ya zo da shi? Wasu na ganin mai sauyawa rago ne, wasu ma maguɗi suke kiran abin. Ni a ganina sauyawar haƙƙin mai wasa ce, kuma kamfanonin ne ya kamata a tuhuma, domin har yanzu da sauran aiki a gabansu. Zan kawo dalilaina, sannan mai karatu ya yi alƙalanci. Abin nan da ake riƙewa da hannu biyu ana sarrafa wasan, shi zan riƙa kira "hannun wasa" a wannan rubutu.

Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Manyan kamfanonin da ke ƙera na'urorin wasan bidiyo a yau uku ne: Nintendo da Sony na ƙasar Japan, da kuma Microsoft na Amurka. Hannun wasan kowannensu yana da madannai huɗu a ɓangaren dama, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kuma babban yatsa ne ke aiki da su. Siffar ɗaya ce, amma sunayen da aka raɗa musu sun sha bamban.

Nintendo ne ya fito da wannan jeri a na'urarsa Super Famicom ta shekarar 1990. Ya sa A a dama, B a ƙasa, X a sama, Y a hagu. Zaman A a dama gado ne daga na'urar Famicom ta 1983, mai manyan madannai biyu, B a hagu, A a dama. A kan wannan tsari aka yi Switch ta 2017, haka ma Switch 2 ta 2025. Shi kuwa kamfanin Sega, a na'urarsa Dreamcast ta 1998, sai ya sa A a ƙasa, B a dama, X a hagu, Y a sama, kuma irin wannan jerin ne Xbox ta zo da shi a 2001. PlayStation ta 1994 ba ta yi amfani da haruffa ba sam. Zane-zane aka sa mata: alwatika a sama, da'ira a dama, gicciye a ƙasa, murabba'i a hagu.

Ga inda gizo ke saƙar. A Nintendo da Xbox duka, idan ana zaɓe a kan allo, A na nufin "na yarda", B kuma "koma baya". Ke nan wurin da ke nufin "na yarda" a wannan, shi ne ke nufin "koma baya" a waccan. Wanda ya saba da Xbox, da ya ɗauki Switch sai ya riƙa fita daga inda yake son shiga. Alamar X ma abin dariya ce: a PlayStation tana ƙasa, a Xbox tana hagu, a Switch tana sama, a GameCube ta 2001 kuwa tana dama. Idan wani ya ce maka "danna X", dole ka fara tambayarsa, X ɗin wane gida?

Da'ira da Gicciye

Labarin PlayStation ya fi kowanne ban sha'awa ga mai nazarin harshe. Teiyu Goto, wanda ya tsara siffar na'urar, ya bayyana daga baya cewa kowane zane da ma'anarsa: alwatika na nuna kai ko inda mutum ke kallo, murabba'i takarda ce, da'ira na nufin "i", gicciye kuma "a'a". Wannan ya dace da al'adar Japanawa, inda malami kan zagaye amsar da ɗalibi ya ci da da'ira, wadda suke kira maru, gicciye kuwa, wato batsu, alamar kuskure ce. Saboda haka a Japan da'ira ce ta zama madannin amincewa, kuma tana dama, daidai wurin A na Nintendo.

Da na'urar ta isa Amurka da Turai sai abin ya juye, yawancin wasanni suka mai da gicciye madannin amincewa. Ba a can ne kawai alamar ke da wata ma'ana dabam ba, domin a Ingila, misali, da gicciye mai jefa ƙuri'a ke nuna ɗan takarar da yake so. Wasu wasannin Japan kamar Final Fantasy VII na 1997 da Metal Gear Solid na 1998 sun tsallaka teku da da'irarsu, suka bar 'yan wasan can cikin ruɗani. Haka aka zauna shekara 25, na'ura ɗaya da karin harshe biyu. A 2020, da PlayStation 5 ta fito, Sony ya mai da gicciye madannin amincewa a ko'ina, har da Japan. 'Yan wasan Japan da yawa sun koka, kuma suna da gaskiya: an wayi gari an ce musu alamar da suka sani da "a'a" tun suna firamare, yanzu ita ce "i".

Me Ya Shafi Ɗalibin Harshe?

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya zauna ajin kimiyyar harshe ya ji sunan Ferdinand de Saussure, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan da aka tattara laccocinsa aka buga a 1916, bayan rasuwarsa. Daga cikin abin da ya koyar akwai cewa babu wata alaƙa ta halitta tsakanin sauti da abin da yake nufi. Abin da Bahaushe ya kira ruwa, Bayarabe ya ce omi, Ibo ya ce mmiri, kuma duka suna kashe ƙishirwa. Yarjejeniyar jama'a ce da sabo ke ɗaure kalma da ma'anarta. Madanni ma haka yake. Babu abin da ke cikin harafin A da ya sa dole ya zauna a dama ko a ƙasa, kuma babu kamfanin da zai ce nasa tsarin ne na asali.

Amma fa da zarar sabo ya kama, to ya kama. Mu da muka koyi Hausa bayan mun riga mun iya wani harshe, mun san abin da malamai ke kira katsalandan ɗin harshen uwa. Ɗauki Bayaraben da ke koyon Hausa. A harshensa jẹ na nufin ci, a Hausa je na nufin tafi. A harshensa wá na nufin zo, a Hausa wa tambaya ce, ko kuma yaya namiji. Irin waɗannan kalmomi masu kama da juna sun fi sababbi fil wahalar da mai koyo, domin kunne ya riga ya ba su ma'ana kafin tunani ya iso. Da a ce Nintendo da Xbox sun yi amfani da haruffa dabam-dabam, da ruɗanin bai kai haka ba. Haruffan iri ɗaya ne, wuraren suka bambanta, shi ya sa yatsa ke riga ƙwaƙwalwa.

Ba sai mun je Japan neman misali ba. Duk wanda ya san gidajen gem na ƙasar nan ya san rikicin 'yan FIFA da 'yan PES, wasannin ƙwallon ƙafa biyu da yanzu ake kira EA Sports FC tun 2023 da eFootball tun 2021. A tsarin FIFA na asali, da da'ira ake harba ƙwallo raga, da murabba'i ake bugo kuros. A PES kuwa akasin haka ne. Sai ka ga gwani ya yanke 'yan baya, ya rage daga shi sai gola, ya ɗaga ƙwallo ta tafi gefen fili, 'yan kallo su fashe da dariya. Wannan mutum bai manta ƙwallo ba, yatsansa ne ya yi magana da harshen uwa.

Hanyoyin Sauyawa da Tarkon da Ke Ciki

Hanyoyin sauya madannai biyu ne. Ta farko ita ce daga saitin na'urar kanta. Sony ya kawo wannan dama a PlayStation 4 a watan Maris na 2015, kuma ya ajiye ta a sashen taimaka wa masu buƙata ta musamman. Microsoft ya biyo baya a ƙarshen shekarar ta manhajar Xbox Accessories. Nintendo bai yi ba sai a watan Afrilu na 2020, inda ya ba mai Switch damar sauyawa da kuma adana tsari har biyar. Masu wasa a kwamfuta ta manhajar Steam sun fi kowa sakewa, domin suna iya ware wa kowane wasa tsarinsa. Hanya ta biyu kuwa ita ce daga cikin wasan, idan masu wasan sun tanadar da ita.

Mutane da yawa na ɗauka hanyar farko ta isa. Ba ta isa ba, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, wasan bai san an yi sauyi ba. Idan ka musanya da'ira da murabba'i a saitin PlayStation, allo zai ci gaba da cewa "danna da'ira" alhali murabba'i ya kamata ka danna. Ka zama mai karanta abu ɗaya, kana aikata wani. Na biyu, sauyin na shafar komai baki ɗaya. A ce mai Xbox ya musanya A da B a Switch domin "na yarda" ya sauko ƙasa. Wajen zaɓe a allo ya huta. To amma akwai wasanni da yawa a na'urorin Nintendo da dama can da madannin ƙasa ake tsalle a cikinsu, kamar Super Mario World na 1990, wato daidai wurin da yatsan mai Xbox ya saba. Da ya yi musanyar, tsalle ya koma dama. Ya gyara ƙofa, ya ɓalle taga.

Dalili shi ne masu shirya wasanni ba su da matsaya ɗaya idan za su kai wasa daga wata na'ura zuwa wata. Wasu na bin harafi, wasu na bin wuri. Wannan tsohuwar gardama ce da muka sani a darasin fassara: a bi kalma ko a bi ma'ana? Ni ina tare da masu bin wuri. A lokacin wasa ido na kan allo, ba wanda ke sunkuyawa ya karanta abin da aka rubuta a kan madanni. Yatsa bai yi makaranta ba, wuri kawai ya sani. Nintendo ma ya nuna ya gane haka, domin a wasu wasannin Switch, maimakon harafi, sai a zana ɗigo huɗu a cike wanda ake so a danna. Wannan alama kowa na karanta ta, ko daga wane gida ya fito.

Saboda haka shawarata ga mai son sauyawa ita ce ya fara duba cikin wasan. Wasan FIFA ya daɗe da tanadar tsari na biyu da ke mai da harbi kan murabba'i, kuma The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017 ya ba da damar sauya madannin tsalle. Sai idan wasa bai ba da dama ba ne za a koma saitin na'ura. Kuma a sauya abin da ya zama dole kawai, domin wanda ya hargitsa madannai goma lokaci ɗaya ya ƙirƙiro wa kansa harshe na uku ne da zai sake koya.

Amsa ga Masu Suka

Masu cewa lalaci ne suna da hujjar da ya kamata a saurara. Sukan ce, kamar yadda mutum ke iya harshe biyu ko uku, haka yatsa ke iya sabawa da tsari biyu. Wannan gaskiya ne, kuma wanda ya iya haka na yaba masa. Sai dai akwai bambanci. Muna wahalar koyon Hausa ne domin mu yi hulɗa da mutane, mu shiga adabinsu da tunaninsu, kuma ladan wahalar a bayyane yake. Wanda ya koyi danna B a maimakon A me ya ƙaru da shi? Na'ura kaya ce da aka saya da kuɗi domin ta yi wa mutum aiki.

Masu cewa mai tsara wasa ya fi kowa sanin inda ya dace a sa kowane aiki, su ma ba a banza suka faɗa ba. A Super Mario World an sa gudu a Y, tsalle a B, maƙwabtan juna, domin babban yatsa ya danne ɗaya da kansa, ya taɓa ɗayan da cikinsa. Wanda ya raba su zai sha wahala. Don haka yana da kyau a fara gwada tsarin asali kafin a taɓa shi. Amma mai tsara wasa hannun da ya zata ya yi wa aiki, bai ga naka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Batun maguɗi kuwa bai ma taso ba. A gasannin wasannin faɗa irin su Street Fighter da Tekken, al'ada ce kowane ɗan wasa ya saita madannansa ya gwada su kafin a fara. Abin da aka saba hanawa shi ne a sa madanni ɗaya ya riƙa zuba jerin bugu da kansa. Wancan na'ura ce ke yi maka wasa. Mai da harbi daga dama zuwa hagu kuwa bai ƙara wa kowa gudu ko basira ba.

Akwai kuma masu cewa a tilasta wa kamfanonin su koma tsari ɗaya kowa ya huta, kamar yadda Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, ta dace da maƙwabtanta. Titi na kowa ne, idan kowa ya bi hannun da ya ga dama rayuka za su salwanta. Hannun wasa kuwa mutum ɗaya ke riƙe da shi, zaɓinsa bai kaɗe kowa ba. Kuma in za a daidaita, wa za a ce ya bar nasa? Abin da ya sami Japanawa a 2020 ya isa darasi. Mu ɗaliban Hausa mun san cewa bayan tarurrukan daidaita rubutu na Bamako a 1966 da Yamai a 1980, har yau Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma ana karanta juna lafiya lau.

Waɗanda Abin Ya Fi Shafa

Duk abin da na faɗa a baya batun jin daɗi ne. Akwai waɗanda a wurinsu batun shiga ko zama a waje ne. Ka tuna da wanda shan inna ya taɓa masa hannu, da wanda ya rasa yatsu a haɗarin mota ko na inji, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Irin wannan mutum, idan wasa ya ce dole sai da madannin da hannunsa bai kai ba, an rufe masa ƙofa ke nan. Microsoft ya fito da Xbox Adaptive Controller a 2018, mai ramuka 19 da ake jona madannai na musamman, Sony kuma ya fito da Access a ƙarshen 2023. Abin a yaba ne, amma kaya ne masu tsada, kuma ba a kowace kasuwa ake samunsu ba. Damar sauya madannai a cikin wasa kuwa ba ta cin ko kwabo daga aljihun mai wasa. The Last of Us Part II na 2020 ya zo da saituna fiye da 60 domin masu buƙata ta musamman, har da sauya kowane madanni, wanda ya nuna abin mai yiwuwa ne. Duk lokacin da muka yi wa mai sauyawa dariya, muna ƙara wa kamfanoni hujjar ɗaukar abin a matsayin alfarma.

Kirana ga masu shirya wasanni uku ne: kowane wasa ya ba da damar sauya kowane madanni, umarnin da ke fitowa a allo ya bi sauyin da aka yi, kuma a ba mutum damar adana tsarinsa da sunansa. Ga 'yan'uwana masu zuwa gidan gem kuwa, haƙƙi yana tafiya da ladabi. Na'urar haya ba taka ba ce kai kaɗai. Ka sanar da abokin karawarka kafin ka sauya, ka ba shi lokaci shi ma ya saita nasa, idan ka gama kuma ka mayar yadda ka tarar. Wanda ya biya kuɗinsa ya zauna bayanka bai kamata ya sha kashi saboda saitinka ba.

Kammalawa

A ƙarshe, ina so mu dubi allon rubutun kwamfuta da ke gabanmu. Namu na Nijeriya da Q yake farawa, na Nijar mai bin tsarin Faransa kuwa da A, kuma babu ɗayansu da ya zo da ɓ, ɗ da ƙ daga masana'anta. Sau nawa muke ganin an rubuta kafa ana nufin ƙafa, ko bata ana nufin ɓata, idan ka yi magana a ce ai haka na'urar ta zo? Alhali a yau akwai allunan rubutun Hausa a wayoyi, kuma ana iya saita kwamfuta ta fitar da haruffa masu lanƙwasa. Tunanin da ke hana mutum taɓa saitin hannun wasa, shi ne ke sa ɗalibin Hausa miƙa aikin jinga babu ƙugiya ko ɗaya. Wanda ya koyi buɗe saiti domin ya ci ƙwallo, ba shi da uzurin ƙin buɗe shi domin ya rubuta Hausa daidai. Wannan shi ne ra'ayina, kuma fili a buɗe yake ga duk mai saɓanin haka a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.